Tsare Bangaskiyar Kirista Daga Karkatacciyar Koyarwa: Nazari a Kan Rigimar Ariyus

1.0 Gabatarwa

Duk addinin da yake da littafi, ba makawa wata rana ya gamu da wannan tambaya: in malamai biyu suka tashi, kowanne riƙe da littafi ɗaya, kowanne yana jan aya, amma maganarsu ta saɓa, to da me za a gane wanda yake kan hanya? A cikin wannan takarda muna so mu duba yadda Kiristocin ƙarnonin farko suka yi fama da wannan tambaya. Ba za mu bi tarihin duka ba, domin yana da faɗi ƙwarai. Za mu tsaya ne a kan rigima guda, watau wadda ta tashi a birnin Iskandariyya na ƙasar Masar wajen shekarar 318 Miladiyya, tsakanin wani dattijon ikkilisiya mai suna Ariyus da bishop ɗinsa, wadda ta jawo taron Nikiya na shekarar 325, ba ta kuwa lafa ba sai a shekarar 381.

Dalilin da ya sa muka zaɓi wannan rigima shi ne, a cikinta aka gwada kusan kowane makami da ikkilisiya take da shi na kare koyarwarta, aka kuma ga iyakar kowanne. Abin da muke ƙoƙarin nunawa shi ne, jan aya kaɗai bai raba gardamar ba, ikon sarki kuwa ƙara dagula ta ya yi. Abin da ya yi aiki a ƙarshe abu ne mai wuyar yi, mai cin lokaci, watau a tsare malami da tambaya har a san abin da yake nufi da kalmominsa, sa'an nan a auna ma'anar da abin da jama'a suka gada suna yi a wajen sujada.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu ce wani abu game da kalmar da muke amfani da ita. A Helenanci, watau Girkanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar ita ce hairesis, asalin ma'anarta kuwa zaɓi ne, ko ƙungiyar mutanen da suka zaɓi wani ra'ayi. A littafin Ayyukan Manzanni an kira Farisiyawa da Sadukiyawa da wannan suna ba tare da nufin zagi ba. Daga baya ne kalmar ta koma nufin koyarwar da ta kauce. Wasu marubuta sukan fassara ta da bidi'a, amma mu mun fi son mu ce karkatacciyar koyarwa, saboda bidi'a ta fi nuni ga sabon abu da aka ƙago, alhali kuwa, kamar yadda za mu gani, a Nikiya masu tsaron koyarwar ne suka shigo da sabuwar kalma.

2.0 Kafin Ariyus

Damuwa da malaman ƙarya ta girmi Ariyus nesa ba kusa ba. A sura ta 20 ta Ayyukan Manzanni, Bulus ya kira dattawan ikkilisiyar Afisa zuwa Militus, ya gargaɗe su cewa masu ɓad da jama'a za su fito, wasu daga waje, wasu kuma daga cikinsu. Wasiƙar Yohanna ta fari ta ba da ma'auni guda a fili: wanda ya musa cewa Almasihu ya zo da jiki irin na ɗan'adam, kada a saurare shi. Wannan ma'auni ya yi daidai da cutar zamaninsa, domin a lokacin akwai masu cewa jikin Yesu gani ne kawai na ido.

A ƙarni na 2 aka sami wani mai jiragen ruwa, Markiyon, mutumin Sinof da ke bakin Baƙin Teku. Ya zo Roma da dukiya, ya yi wa ikkilisiya babbar kyauta, sa'an nan ya fara koyar da cewa Allahn Tsohon Alkawari daban yake da Uban da Yesu ya bayyana. Ya yar da Tsohon Alkawari ɗungum, ya riƙe Bisharar Luka bayan ya datse wasu sassanta, da wasiƙun Bulus guda 10. A shekarar 144 ikkilisiyar Roma ta fid da shi, ta kuma mayar masa da kuɗinsa. Aikin Markiyon na cikin abubuwan da suka tilasta wa ikkilisiya ta fara tantance littattafan da ta yarda da su.

Wanda ya fi kowa tsara amsa a wannan zamani shi ne Ireniyus, bishop na Liyon a ƙasar da yanzu ake kira Faransa, wanda ya rubuta littattafai 5 wajen shekarar 180 yana mai da martani ga masu da'awar asirtaccen sani. Ya kawo wani misali da ya dace da batunmu. Ya kamanta Littafi Mai Tsarki da hoton sarki da gwani ya shirya da ƙananan duwatsu masu daraja. Wani zai iya wargaza duwatsun nan, ya sāke jera su su ba da hoton kare ko yanyawa, ya ce ai ga sarki. Duwatsun na gaske ne, ba a ƙara ko ɗaya ba, jerin ne na ƙarya. Wa zai gane an yi maguɗi? Sai wanda ya riga ya san fuskar sarkin. A wurin Ireniyus, sanin fuskar sarki shi ne taƙaitacciyar shaidar bangaskiya da ake koya wa mutum kafin a yi masa baftisma, wadda ikkilisiyoyin da manzanni suka kafa suke furtawa a fili, daga malami zuwa malami.

Ashe ke nan kafin shekarar 200 an sami makamai uku: sanannun littattafai, shaidar bangaskiya ta baftisma, da jerin malamai waɗanda aka san daga inda suka karɓo. Wahalar da Ariyus ya jawo ita ce, duk ukun nan ya yarda da su.

3.0 Ariyus da koyarwarsa

Ariyus asalinsa mutumin Libiya ne, yana kula da wata majami'a a unguwar Baukalis ta Iskandariyya. Ko magabtansa sun shaida cewa mutum ne mai kamun kai, mai daɗin baki, mai farin jini a wurin jama'a. Wannan abin lura ne, domin sau da yawa ɗalibai sukan ɗauka malamin ƙarya ana gane shi daga mugun hali. Ba a kama Ariyus da sata ko lalata ba.

Abin da ya dame shi shi ne kaɗaitakar Allah. Kusan shekara 100 kafin lokacinsa wani malami mai suna Sabiliyus ya koyar da cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki sunaye ne uku na mai suna ɗaya, kamar mutum ɗaya mai sauya riga. Ikkilisiya ta ƙi wannan. Da Ariyus ya ji wa'azin bishop ɗinsa, Iskandar, a kan ɗayantakar Uba da Ɗa, sai ya ga kamar koyarwar Sabiliyus ce take neman dawowa ta bayan gida. Sai ya kafa tasa hujja kamar haka: Allah ɗaya ne, shi kaɗai ne marar mafari. In an ce Uba ya haifi Ɗa, to Ɗan yana da mafari, kafin nan kuwa babu shi. Saboda haka Ɗan halitta ne, ko da yake shi ne farkon halitta kuma mafificinta, ta wurinsa aka yi sauran abubuwa duka.

Ayoyi kuwa yana da su. Ya jawo Karin Magana 8:22, inda a fassarar Helenanci Hikima take bayyana kanta a matsayin abin da Ubangiji ya halitta tun farkon ayyukansa. Ya jawo Yohanna 14:28, inda Yesu ya fifita Uba a kan kansa, da Markus 13:32, inda aka nuna Ɗan bai san ranar ƙarshe ba. Su kuma mutanen Iskandar suka jawo farkon Bisharar Yohanna, da Yohanna 10:30, da shaidar Toma a Yohanna 20:28. Kowa da duwatsunsa na gaske.

Wajen bishop 100 na Masar da Libiya suka taru suka tsige Ariyus. Da a ce a zamanin Markiyon ne, da magana ta ƙare a nan. Amma Ariyus yana da abokan karatu a manyan kujeru, musamman Yusibiyus na Nikomidiya, birnin da sarki yake zaune. Ya rubuta musu, suka tsaya masa. Daɗin daɗawa, ya zuba koyarwarsa cikin waƙa, an kuma ruwaito cewa ya shirya waƙoƙi domin matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya. Duk wanda ya san yadda malaman ƙasar Hausa suka yi amfani da rubutacciyar waƙa wajen kai karatu har cikin tsakar gida, ba zai yi mamakin yadda maganar ta bazu ba. Abin da aka fara a zauren malamai sai ga shi a bakin 'yan dako a tashar jiragen ruwa.

4.0 Taron Nikiya da kalmar da ba ta cikin Littafi

A shekarar 324 Kustantin ya ci abokin hamayyarsa Lisiniyus da yaƙi, ya zama shi kaɗai ne Sarkin Rum gabas da yamma. Yana neman addinin da zai haɗa kan daularsa, sai ya tarar da addinin a rabe. Da farko ya aika wa Iskandar da Ariyus wasiƙa ta hannun Hosiyus, bishop na Kurduba a Andalus, yana nuna musu cewa abin da suke faɗa a kai ƙaramin abu ne wanda bai kamata ma a tā da shi ba. Wasiƙar ba ta yi amfani ba. Sai ya kira taro a Nikiya, garin da yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya.

An taru a shekarar 325. Al'ada ta ce bishop 318 suka halarta, amma masana suna ganin an ɗauko adadin ne daga yawan barorin Ibrahim a Farawa 14, ainihin adadin kuwa tsakanin 250 ne da 300. Galibinsu daga gabas suke. Bishop na Roma bai zo ba, ya aiko da wakilai 2. Wasu daga cikin mahalartan suna ɗauke da tabon azabar da aka gana wa Kirista tun daga shekarar 303, ga shi yau sarki ne yake biyan kuɗin tafiyarsu. Bari mu ɗan ratse mu gyara wani kuskure da muke yawan ji daga ɗalibai: taron Nikiya bai zaɓi littattafan da za su shiga Littafi Mai Tsarki ba, bai ma tattauna batun ba. Ban da maganar Ariyus, abin da ya duba shi ne lokacin Idin Ista da dokoki 20 na tsarin ikkilisiya.

Abin da ya faru a zauren shi ne zuciyar wannan takarda. Atanasiyus, wanda a lokacin saurayi ne mai hidima a ƙarƙashin Iskandar, ya ba da labarin daga baya. Ya ce da farko nufin taron shi ne a rubuta shaidar bangaskiya da kalmomin Littafi zalla. Aka ce Ɗan daga Allah yake. Mutanen Ariyus suka yarda, domin a wurinsu ai kowane abu daga Allah yake. Aka ce shi ne ikon Allah da surarsa. Suka ƙyafta wa juna ido suka yarda, domin an kira ɗan'adam ma surar Allah, har fāra ma an kira ta rundunar Allah a littafin Yowel. Duk kalmar da aka ɗauko daga Littafi, sai su karɓa, su sa mata tasu ma'ana. Labarin daga bakin abokin gāba ya fito, saboda haka sai a karɓe shi da lura, amma matsalar da ya bayyana ta gaske ce. Kalma da kowa zai sa hannu a kanta ba ta raba gardama.

Daga nan aka shigo da kalmar homoousios, watau mai zati ɗaya da Uba, aka kuma bambanta haihuwa da halitta, aka ce Ɗan haifaffe ne, ba a halicce shi ba. Kalmar homoousios ba ta cikin Littafi Mai Tsarki ko sau ɗaya. Tana ma da tabo, domin an ruwaito cewa wani taro a Antakiya a shekarar 268 ya ƙi ta. Amfaninta ɗaya ne, Ariyus ba zai iya furta ta ya kuma riƙe ra'ayinsa ba. A nan masu tsaron tsohuwar koyarwa suka ga tilas su ƙirƙiro sabon lafazi domin su tsare tsohuwar ma'ana, shi kuwa wanda ake tuhuma ya sami bakin cewa shi ne mai tsayawa a kan nassi.

Kowa ya sa hannu sai mutum 2, Sikundus da Tiyonas, dukansu daga Libiya. Sarki ya kore su tare da Ariyus, ya kuma ba da umurni a ƙone rubuce-rubucensa.

5.0 Takobin sarki

Tsugune ba ta ƙare ba. Da yawa daga waɗanda suka sa hannu sun yi ne domin idon sarki, zuciyarsu ba ta kwanta da kalmar ba, don suna jin warin Sabiliyus a cikinta. Cikin shekara 3 Yusibiyus na Nikomidiya, wanda aka kora jim kaɗan bayan taron, ya dawo kujerarsa ya kuma sami fāda. Atanasiyus ya gāji Iskandar a shekarar 328. A shekarar 335 wani taro a Taya ya tsige shi, sarki ya tura shi Tiriya, a ƙasar Jamus ta yanzu, bayan an sāre shi da cewa ya yi barazanar hana jiragen alkama tashi daga Iskandariyya zuwa babban birni. Ariyus ya mutu a shekarar 336 ana shirin mai da shi cikin jama'a. Da Kustantin ya zo mutuwa a shekarar 337, Yusibiyus ɗin nan ne ya yi masa baftisma. Takobin da ya kori Ariyus shi ne ya kori Atanasiyus, shekara 10 kacal a tsakani.

A zamanin ɗansa Kustantiyus abin ya ƙara tsanani. An kori Libariyus bishop na Roma a shekarar 355. A watan Fabrairu na shekarar 356 sojoji suka fāɗa wa wata majami'a a Iskandariyya da dare ana cikin sujada, Atanasiyus ya sha da ƙyar, ya ɓuya wajen shekara 6, galibi a wurin masu zaman zuhudu na hamadar Masar. Hosiyus, wanda ya kusa shekara 100 da haihuwa, aka matsa masa har ya sa hannu a wata takarda a shekarar 357 wadda ta hana amfani da kalmar da ya taimaka aka kafa a Nikiya. Hannun sarki ya kai har Habasha: Kustantiyus ya rubuta wa Ezana sarkin Aksum ya aiko da Furumentiyus, bishop ɗin da Atanasiyus ya naɗa musu, a sāke jarraba shi a Iskandariyya. A shekarun 359 da 360 aka yi manyan tarurruka, yawan mahalartansu ya fi na Nikiya, suka amince da lafazin da ya ce Ɗan yana kama da Uba kawai. Wanda duk yake auna gaskiya da yawan bishop ko da hatimin hukuma, a shekarar 360 sai ya ce Nikiya ce karkatacciya.

Gaba ɗaya sau 5 aka kori Atanasiyus, ya yi wajen shekara 17 ba ya kan kujerarsa. Amma adalci ya sa mu faɗi cewa shi ma hannunsa ba fari tas yake ba. Wata wasiƙa da aka tono a Masar, aka buga a shekarar 1924, wadda ɗaya daga cikin 'yan wata ƙungiya da ta ɓalle daga ikkilisiyar Masar ya rubuta, ta nuna mutanensa suna dūka da tsare abokan hamayya. Har ila yau, masana na baya-bayan nan sun nuna cewa Atanasiyus ya riƙa laƙa wa duk wanda ya saɓa masa sunan mabiyin Ariyus, alhali da yawansu ba su ɗauki Ariyus malaminsu ba. Mai tsaron koyarwa yana iya zama da gaskiya a kan batu, ya kuma yi zalunci a kan mutane. Inda wannan hanya ta kai shi ne shekarar 385, lokacin da hukuma ta sare kan wani bishop na Andalus mai suna Firisiliyan a Tiriya, bayan 'yan'uwansa bishop sun kai ƙararsa. Martin na Tur da Amburos na Milan sun yi tir da wannan kisa, amma an riga an buɗe ƙofa.

6.0 Abin da ya warware ƙullin

To, in aya ba ta raba ba, sarki bai raba ba, me ya raba? A ganinmu abu biyu ne.

Na farko shi ne hujjar sujada. Atanasiyus ya riƙa mai da abokan gardamarsa ga abin da su kansu suke yi kowace Lahadi. Ana yi wa mutum baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, bisa ga Matiyu 28:19. Ana yi wa Almasihu addu'a da waƙar yabo. Wannan ba sabon abu ba ne, domin tun wajen shekarar 112 wani gwamnan Rum mai suna Filini, wanda ya yi mulkin Bitiniya, lardin da Nikiya take ciki, ya rubuta wa sarkinsa cewa Kirista suna taruwa kafin gari ya waye suna rera wa Almasihu waƙa kamar yadda ake yi wa abin bauta. In kuwa Ɗan halitta ne, to Kirista sun shekara 300 suna bauta wa halitta, abin da suka gwammace a kashe su da su yi. Sa'an nan ya ƙara da hujjar ceto: halitta ba ta iya haɗa halitta da Mahalicci, domin ita ma tana bukatar mai haɗa ta. Wannan ita ce fuskar sarki da Ireniyus ya yi zancenta. Jerin Ariyus yana da tsari a hankalce, amma bai ba da hoton da jama'a suka sani ba.

Na biyu ya faru ne a wani ƙaramin taro a Iskandariyya a shekarar 362, wanda a ra'ayinmu bai sami yabon da ya cancanta ba. Kustantiyus ya mutu a shekarar 361, magajinsa Yuliyan, wanda ya bar addinin Kirista, ya ƙyale korarrun bishop su koma gida. A lokacin akwai jama'a biyu da suke ƙin Ariyus amma suke zargin juna saboda kalmar hypostasis. Waɗansu suna cewa a cikin Allahntaka akwai hypostasis uku, waɗansu suna cewa ɗaya ne. Masu cewa ɗaya suna ganin masu cewa uku sun yi alloli uku, masu cewa uku suna ganin masu cewa ɗaya 'yan Sabiliyus ne. Maimakon a tsine wa wani ɓangare, sai aka zaunar da kowanne aka tambaye shi abin da yake nufi. Masu uku suka ce ba alloli uku suke nufi ba, nufinsu Uba da Ɗa da Ruhu kowanne tabbatacce ne, ba suna kawai ba. Masu ɗaya suka ce ba su musa wannan ba, nufinsu zatin ɗaya ne. Aka ga ashe magana ɗaya ce da lafazi biyu, aka karɓi dukansu.

A lura da yadda tambayar ta yi aiki ta fuska biyu. A Nikiya lafazi ya zo ɗaya, ma'ana ta bambanta, tambaya ta tona rabuwar da ke ɓoye. A shekarar 362 lafazi ya bambanta, ma'ana ta zo ɗaya, tambaya ta hana rabuwar da ba ta da tushe. A kan wannan harsashi malaman Kafadokiya uku, Basil da ƙanensa Giregori na Nisa da abokinsa Giregori na Naziyanzus, suka daidaita lafazin zati ɗaya da hypostasis uku. Da taron Kustantiniyya ya zauna a shekarar 381 da bishop 150, a ƙarƙashin Sarki Tiyodosiyus, ya tabbatar da Nikiya ya kuma faɗaɗa sashen Ruhu Mai Tsarki. Gaskiya ne a nan ma akwai hannun sarki, amma wannan karo hukuncin ya zauna, saboda an riga an shawo kan masu shakka da hujja. Ko da haka, koyarwar da aka ƙi ta rayu a wajen daular: ƙabilar Bandal da suka kama Kartaj a Tunisiya ta yanzu a shekarar 439 a kanta suke, sarakunan Got na Andalus kuwa ba su bar ta ba sai a ƙarshen ƙarni na 6, aka tabbatar da hakan a taron Toledo na shekarar 589.

7.0 Batun a bakin Hausa

Shaidar bangaskiyar da aka kammala a shekarar 381 ana karanta ta da Hausa a majami'un Katolika da na Angilikan, cikakken Littafi Mai Tsarki kuwa yana hannun masu jin Hausa tun shekarar 1932. Saboda haka tambayar lafazi da ma'ana ta shafe mu kai tsaye.

Ta wata fuska Hausa ta fi Helenanci sauƙi. A Helenanci kalmar haifaffe da kalmar abin da ya samu daga babu harafi ɗaya ne ya raba su, gennetos da genetos, har marubuta suna musanya su. Bahaushe kuwa ba ya rikita haihuwa da halitta. Ya san abin da maƙeri ya ƙera ƙarfe ne, abin da ya haifa mutum ne irinsa. Ta wata fuskar kuma Hausa tana da tata wahala. Kalmar ɗa a kunnen Bahaushe tana jawo tunanin aure da ciki da goyo, ga kuma uba lalle ya girmi ɗansa, wanda shi ne daidai matakin farko na hujjar Ariyus. Malaman Nikiya sun nace cewa haihuwar da suke nufi ba ta jiki ba ce, ba ta kuma da lokaci, suna kamanta ta da haske da hasken da yake fitowa daga gare shi. Mai wa'azin da bai yi wannan bayani ba, yana iya furta lafazin Nikiya daidai, masu sauraro su tafi gida da wata ma'ana dabam.

Mun sha gwada wani abu a ajinmu na nazarin addinin Kirista. Mukan karanta wa ɗalibai ra'ayin Ariyus ba tare da ambaton sunansa ba, tare da ayoyinsa, mu tambaye su ko akwai kuskure. Da yawa sukan ce babu. In kuma muka ce su bayyana Triniti da misali, abin da ya fi saurin zuwa bakinsu shi ne ruwa da ƙanƙara da tururi, ko mutum ɗaya da yake uba a gida, malami a makaranta, manomi a gona. Wannan kuwa Sabiliyus ne tsantsa. Waɗannan ɗalibai ba malaman ƙarya ba ne, wasunsu ma su ne suke koyar da ajin baftisma a ƙauyukansu, kuma a shirye suke su kira wani mai wa'azin rediyo ɗan bidi'a saboda ya yi amfani da kalmar da ba su saba ji ba. Tun da muka lura da haka muka sauya tsarin darasin. Mukan raba ajin biyu, mu ba kowane ɓangare ayoyin ɗaya daga cikin masu gardamar, mu hana su yanke wa juna hukunci sai kowane ɓangare ya iya faɗin abin da ɗayan yake nufi, da kalmomin da ɗayan zai yarda cewa nasa ne. Darasin da dā muke gamawa cikin awa ɗaya, yanzu yakan ci mana mako biyu.